Kawu Isa da Allurar Randarsa

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Isa ya san da abin da zan fara. Da ya zauna, kafin ma ya ɗaura bel, sai ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa gilashin allurar mai da farce, ya ce, "Ke, wa ya shaide ki?" Haka yake yi wa agogon masallaci, haka yake yi wa sikelin mai kifi a kasuwar Woolwich. Malamin kimiyya ne a Katsina kafin ya zo Landan ya ƙare da aikin tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma bai taɓa yarda akwai ma'aunin da ke faɗin gaskiya don ganin damarsa ba.

Mu dai dariya abin yake ba mu, amma ban da matarsa, Anti Hajara. Likita ya gaya wa Kawu yana da hawan jini, ya rubuta masa magani, Kawu ya ce sai an nuna masa wanda ya gwada na'urar da aka gwada shi da ita. Shekara da shekaru yaƙin Anti ke nan, ya yarda ya sha ƙwayar nan.

Da ya yi ritaya sai ya sayo wani murhun gashi na tangaran, jibgege mai siffar ƙwai, wanda sai da muka haɗa ƙarfi kafin muka ciccibe shi zuwa bayan gida. Anti ta zagaya shi ta ce, "Malam, randa ka sayo mana?" Sunan ya bi shi har yau. A jikin murfin Randa akwai ma'aunin zafi, kamar ɗan agogo mai allura, da tsinken ƙarfe da ke shiga ciki. Kun san tambayar da Kawu ya fara yi masa.

Gwajin ba wuya. A kwance ma'aunin, a tafasa ruwa a tukunya, a tsoma tsinken ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba. In allura ta tsaya a digiri ɗari, ta faɗi gaskiya. In ta kauce, a kama notin da ke bayanta da filaya a murɗa har ta dawo hanya. Mutane kan yi haka jefi-jefi. Kawu kuwa duk ranar da za a hura gawayi sai ya yi. Na ce masa, "Kawu, ai makon jiya ka gwada ta." Ya ce, "Nasiru, ɓarawo ma makon jiya mutumin kirki ne."

Wata Babbar Sallah gida ya cika, an karɓo naman layya daga mahauci, an barbaɗe shi da yaji, kowa yana haɗiyar yawu. Kawu yana tsugunne gaban tukunya da filaya. Ya tsoma, ya murɗa, ya ce ruwan ya huce, a sake tafasawa. Jikokinsa suna ta "Grandpa, is it ready?" yana amsa musu da "Haƙuri, ana shari'a." Ana cikin shari'ar sama ta ɓalle da ruwa irin na Landan, wanda ba ya sallama. Anti ta kwashe naman ta soya mana a kicin. Mun ci mun ƙoshi, sai ga Kawu ya shigo sharkaf, fuskarsa tana walƙiya.

"Na kama ta! Ƙaryar digiri biyar take yi. Da yanzu naman ƙarya kuka ci."

Anti ta tura masa faranti ta ce, "To ga na gaskiya, saura ƙashi."

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsinka masa hanzari, maƙwabcinsa Mista Danladi, mutumin Jos, dattijo a cocinsu, wanda kullum suke tsokanar juna ta kan shinge. Ya leƙo wata rana ya ce, "Malam Isa, kai da ka ce ruwa ba ya ƙarya, ai a Jos tun bai kai ɗari ba yake tafasa. Tudu ne." Kawu ya san gaskiya ce, shi da kansa ya koyar da ita a aji. Can ya ɗago ya ce, "Shi ya sa kuke da saurin fushi, Danladi. Ruwanku ma ba ya jira a gama magana."

Danladi ya rama da kyauta. Ya ba shi ma'auni na zamani mai batir, wai don ya huta da tukunya. Hutu fa? Sabon ya faɗi nasa, tsohuwar allura ta faɗi nata, ba su zo ɗaya ba. Kawu ya ce shaida ɗaya ba ta yanke hukunci, ya sayo na uku, shi ma ya zo da nasa zancen. Daga nan aka shiga gwajin ruwan ƙanƙara, kuma bazarar nan duka ba wanda ya sha zoɓo mai sanyi a gidan.

Anti ta ga hanya a nan. Ta sayo na'urar auna jini ta gida, ta kira ni da Mista Danladi, ta ɗaura mana ɗaya bayan ɗaya a gabansa. "Ga shaidu biyu, Malam, nasu ƙalau. Kawo hannunka. Na gaji da yin booking wurin likita kana sa ana cancel."

Kawu ya juya na'urar, ya ƙwanƙwasa ta. "Ana iya tsoma ta a tafasasshen ruwa?"

"A'a."

"To ba ta da shaida."

"Kaza kana auna mata zafi kamar 'yar sarki, kai ka ƙi a auna ka?"

"Hajiya, ni na san jikina. Lafiyata ƙalau."

Wannan "ƙalau" ɗin shi kaɗai ne ma'aunin da Kawu bai taɓa tambayarsa wa ya shaide shi ba. Ranar mun yi dariya, Anti ba ta yi ba.

Wata Asabar da hantsi ya faɗi a bayan gida, filaya a hannu, tukunya tana tafasa. Ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya ɗauke. A asibiti aka kewaye shi da na'urori, kowace da lambobinta, ba ko ɗaya da ya gwada. Ina tsaye na ga yana ƙoƙarin ɗaga yatsa zuwa ga wadda ke nuna jininsa, hannun ya kasa kaiwa. Anti ta tashi ta ƙwanƙwasa masa gilashin da farcenta.

"Ni na shaide ta, Malam. Tun farko ma ni ce shaidar."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai. Shi ne karo na farko da na ga Kawu ya karɓi shaida ba gardama, kuma na fita waje na yi kuka. Bai ƙara mako ba.

Ranar addu'ar arba'in muka ce za mu gasa naman sadaka a Randa. Na zuba gawayi zan kunna, sai ga Anti da tukunya tana tururi, filaya a ɗaya hannun. Matar da ta shekara nawa tana mita a kan tukunyar nan.

"Dakata, Nasiru. Ba za a ce allurar Malam ta yi ƙarya a bayansa ba."

Muka tsaya, har da Mista Danladi da hularsa a hannu. Anti ta tsoma tsinken, allura ta hau a hankali ta tsaya a ɗari cif.

Allah ya jiƙan Kawu Isa, ya yafe masa taurin kansa, ya ba Anti Hajara haƙurin rashinsa. Ranar da za a ɗora ayyukansa a ma'aunin da ba ya buƙatar shaida, Allah ya sa alherinsa ya rinjaya. Amin.