Ɗigo Uku na Dalma

Makanikin da ake kira Don Evaristo Luna bai yarda da ruwan famfo ba, bai yarda da allurar da ke nuna zafin inji ba, kuma ranar da na fara ganinsa bai yarda da ni ba. Shekara arba'in yana gyaran lagireto a bakin hanyar da ta ratsa hamadar San Juan. A wurin ubansa, mai liƙin tukwane, ya koyi narka dalma.

Na isa garejinsa da tsakar rana, motar tana huci. Tsohuwar bas ce da ɗana Lisandro ya mayar gida, da gado da murhu a ciki. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Ni malamar lissafi ce, ban san inji ba. Na dai san motar ce abu na ƙarshe da hannunsa ya gama, kuma ba na so ta mutu a hannuna.

Ya hana ni taɓa murfin lagireton sai da ya huce. Ya zura yatsa, ya fito da farin ɓawo kamar kanwa. Sannan ya haska tocila a wata kusurwa, ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni inda na samo motar, ya nemi takardu, ya karanta sau biyu. Ya ce gishiri ya toshe bututun, aikin kwana biyu ne. Ya zare makullin ya jefa aljihu.

Na sha jin labarin makanikan da ke cewa inji ya mutu don su sayi mota a banza. Na ja kujera na zauna, duk abin da ya kwance ina rubutawa. Ya miƙo mini ƙoƙon shayin mate, na ce na ƙoshi, alhali na san ba a ƙin mate a gidan mutum.

“Rubuta da kyau, Malama,” in ji shi. “Wannan noti ne, ba zinariya ba.”

Da na ga ya shige ciki yana waya ƙasa-ƙasa, na bi shi na ce ya ba ni makullina.

Bai ba ni ba. Ya ja ni gaban motar, ya nuna mini ɗigo uku na dalma a kusurwar lagireton.

“Aikin hannuna ne wannan. Mai motar nan dogon saurayi ne mai dariya kamar agwagwa. Sunan da ke takarda Ferreyra, ke kuma kin ce Olmos. Ina kika kai shi?”

Ashe 'yan sanda yake kira.

“Ferreyra sunan ubansa ne,” na ce. “Ɗana ne. Ya rasu a watan Maris.”

Ya cire hularsa, ya koma ya sake waya, ya ce musu kada su zo.

Bayan haka ya ba ni labari. Shekara biyu da suka wuce motar ta tafasa kusa da ɗakin Difunta, matar da ƙishirwa ta kashe, inda matafiya ke ajiye mata kwalaben ruwa. Lisandro ya ɗebi shida ya ɗura wa injin, ya ce zai mayar da goma sha biyu. Ruwan rijiya ne mai gishiri. Don Evaristo ya liƙe inda ke yoyo, ya ce ya dawo cikin wata a wanke lagireton. Lisandro bai dawo ba. Tun daga lokacin tsohon yake zaginsa a zuci, yana zaton rainin wayo ne irin na 'yan birni.

Ya wanke bututun, ya canza tiyo biyu, ya cika lagireton da ruwan sama da yake tarawa a randa. Na sha mate ɗin, da ɗacinsa.

Da zan tafi ya cika kwalabe goma sha biyun da Lisandro ya yi alkawari a famfo, ya loda mini. Na kalle shi.

“Difunta tana sha,” ya ce. “Inji ne mai tsirfa.”

Na ajiye su a gaban ɗakin Difunta. Har na isa garin Jáchal allurar ba ta wuce tsakiya ba. Duk da haka na tsaya sau uku na duba, yadda ya ce.