Hasumiyar Sidiki a Sabonjida

A shekarun yaƙin Jamus, lokacin da jiragen sama suka fara shawagi a kan Tamale, an baza magana a unguwar Sabonjida wai Sidiki Baduku yana gina tsanin ƙasa a bayan gidansa don ya cafko jirgi ta wutsiya, ya ɗare, ya ce wa matuƙin: Agadas! Wata mai koko a Changli ta yi rantsuwa ta gan shi da igiya yana gwada jifa. Kafin maganar ta isa Kasalgu an ce ai ya riga ya kama ɗaya, yana nan ɗaure a turke ana ba shi dusa.

Duk ƙarya ce, kuma ni zan gaya muku, don uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Taubashina ne, yana ce mini bawansa, ni kuma ina ce masa maigida idan na ji ƙanshi a tukunyarsa. Mutumin da ko lori bai taɓa shiga ba, in ya ji ƙarar babur sai ya nemi bango, shi ne zai kama jirgi? Abin da ya gina hasumiya ce. Tsawonta bai wuce mutum uku in an ɗora su a kan juna ba, ko da yake ni a kasuwa nakan ce goma. Ƙasa ce zalla, gindi da faɗi, kai siriri, itatuwa sun tsiro mata ta ko'ina kamar bushiya.

Sidiki yana saurayi ya zo Tamale, shi da tsohonsa, bayan yaƙin da ya watsa mutanen Agadas. Sun biyo sawun uwata, wadda wani ɗan fataken goro ya aura ya ajiye a Sabonjida. Tsohon nasa magini ne, amma bai daɗe ba ya rasu, ya bar ɗansa da ɗinkin takalma da kuma labarin hasumiyar garinsu. Labarin nan kuwa mun sha shi. Wai in ayari ya ɓata a cikin yashi, ita yake nema. Wai ranar da za a yi mata yaɓe gari duka fitowa yake yi, mata da tulu, tsofaffi da addu'a, samari a kan itatuwan kamar tururuwa, curin ƙasa na tafiya daga hannu zuwa hannu har ya kai sama. In ya zo nan sai muryarsa ta yi ƙasa, ya ajiye basilla, ya zuba wa bango ido.

Bai fara ginin ba sai da gidan ya koma shi kaɗai. Matarsa Zalia ta rasu, 'yarsu Memunatu ta yi aure an tafi da ita Kumasi, ba a ganinta sai an yi sa'a. Daga nan ne ya fara kwaɓa ƙasa. Ba masallaci, ba ladan, ba komai a gindinta sai akuya guda. Da yamma yakan hau ta itatuwan ya zauna a sama yana fuskantar arewa. Na taɓa binsa na hau, ban ga komai ba sai itatuwan kaɗanya da wandon wani ɗan sanda a kan igiyar shanya.

To, ƙasar Agadas ba ta san ruwa ba, ruwan Tamale kuwa ba ya jin kunyar kowa. Kowace damina sai hasumiyar ta rame kamar mai zazzaɓi, shi kuma ya bi ta da yaɓe. Maƙwabcinsa Andani, Badagwambe ɗan asalin garin, manomin doya, mutumin kirki mai 'ya'ya kamar ƙasa, ya ce masa ya bari su yi mata jinka da ciyawa irin ta ɗakunansu. Sidiki ya ce ba a sa wa hasumiya malafa.

Shekarar da gwiwarsa ta fara ciwo ne abin ya lalace. Hasumiyar ta tsage, ta karkata wajen ɗakin girkin Lamisi, matar Andani. Tankas mai duba tsabtar gari ya zo da hular kwanonsa, ya zagaya ta, ya ce ko a gyara kafin damina ta kankama ko a rushe. Aikin kuwa ya fi ƙarfin hannu biyu. Sai mutane.

Na ce masa, "Maigida, abu mai sauƙi. Sayi goro, ka ɗauki sandarka, ka bi gida gida ka gaida masu gidan. Ka fara da Andani."

Ya ce, "Bawa, ba a gayyatar mutum zuwa hasumiya. Kwaɓa ƙasa ake yi a bar ta ta jiƙu. Mai ido ya gani ya fito."

"Nan Tamale ne fa."

"A Tamale ba su da idanu?"

Na ce to ni zan kai goron. Ya rantse in na yi haka zai shafe sunana daga cikin bayinsa. Duk da haka na lallaɓa na sami Andani. Ya saurare ni, ya girgiza kai, ya ce goron aiki daga hannun mai aikin yake fitowa, in shi Andani ya aiko da 'ya'yansa ba a kira su ba, gobe unguwa za ta ce yunwa ce ta kai su gidan baƙo.

Sidiki ya sayar da akuyar. Ya kwaɓa ƙasa da ciyawa har ta yi tudu a ƙofar gida inda ko makaho sai ya yi tuntuɓe da ita. Ya sa aka yi masa tuwon da zai ciyar da barikin soja, da shinkafa da wake, da miya mai nama. Ya sa riga mai shuni wadda ya gada wurin tsohonsa, ya naɗa rawani, ya shimfiɗa tabarmi, ya zauna.

Ni na zo, ba sai an kira ni wurin tuwo ba. Abin da na gani shi ne ya sa nake rubuta wannan. Ga Sidiki a ƙofarsa yana kallon hanya. Ga Andani a tasa ƙofar, taku kaɗan tsakaninsu, bai je gona ba, samarinsa zaune a bayansa da fartanya da kwanduna. Suka gaisa da safe, Andani ya ce dasiba, wato ina kwana da yarensu, Sidiki ya amsa da naa. Suka gaisa da azahar. Masu wucewa kasuwa suka yi ta cewa sannu da aiki, Malam Sidiki, yana amsawa da kai. Ba wanda ya taka tabarmin. Lamisi ta leƙo ta koma, ta leƙo ta koma. Da la'asar ta yi sanyi Andani ya tashi ya karkaɗe wandonsa ya shige gida. Ƙasar ta bushe ta yi ɓawo. Tuwon ma haka, duk da ƙoƙarin da na yi a kansa.

Sidiki ya miƙe. Ya naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya, ya aika wa masallaci da abincin.

Kashegari hadari ya haɗo daga gabas. Na sami Sidiki a saman hasumiyar da gatari, ya hau da wannan gwiwa ban san ta yaya ba. Ya ce hannun tankas ba zai taɓa ta ba, kuma ba zai bari ta faɗa wa Lamisi a tukunya ba. Ya yi ta sara yana zare itatuwan, ni ina karɓa ina jingine su a bango. Da muka gama, abin da ya rage bai kai kafaɗata ba. Yana nan har yau, in kun bi ta lungun za ku gani, kaji ke kwana a kansa.

Ya zauna a gindin kututturen yana haki, rawani ya kwance, ruwa ya fara ɗigowa. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Maigida, to yanzu daga ina za ka riƙa hango Agadas? Ko in durƙusa ka hau bayana?"

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Wa ya ce maka don hange na gina ta? Don a taru na gina ta. Ga abin da ta tara mini: kai. Da na san haka ne, bawa, da masai na haƙa, ƙudaje ma sun fi ka yawa, kuma ba su kai ka ci ba."