Rijiyar da Aka Raba Biyu

Ranar wata Asabar a ƙarshen kaka, shekarar da na shiga tara da haihuwa, na dawo daga kiwon awaki na tarar da Baba da ƙanensa Baffa Yohanna suna raba gidanmu da dangar kara. Babu mai yi wa wani magana. Baba na kafa dirkokinsa daga wajen zaure, Baffa na kafa nasa daga wajen rumbu, suna matsowa har suka haɗu a bakin rijiya, wadda take daidai tsakiyar gidan. Nan aiki ya cije, don babu wanda zai yarda rijiyar ta faɗa ɓangaren ɗan'uwansa. Can sai suka ɗauko azara suka gindaya a kan bakinta, suka bi da dangar ta sama, rabin baki namu, rabi nasu. Kakarmu Iya Saratu, wadda ta haife su duka biyun, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ba ta ajiye mazarinta ba, ta dai ɗago kai ta ce, "To, ruwan ƙasan fa, da me za ku raba shi?" Suka ci gaba da ɗaure karansu.

Tudun Wada ta lokacin ba wannan ba ce da kuka sani. 'Yan gidaje ne jefi-jefi, baƙi daga ko'ina da suka biyo aikin Turawa da na layin dogo, tsakaninmu da ganuwar birni kuwa gonakin dawa ne da kukoki. Kakanmu Malam Istifanus yana cikin mutanen farko da suka zauna a nan bayan ya karɓi Almasihu, aka ce kafin ya ɗora tubali ko ɗaya na ɗakin kwana sai da ya haƙa rijiyar nan. Ruwanta garɗi gare shi, ba ta ƙafewa ko da bazara ta yi tsanani, matan maƙwabtanmu Musulmi ma aiko yara suke yi su ɗiba. Masu bi a unguwar ba su wuce a ƙirga gidajensu da yatsun hannu ba, kuma ba mu da majami'a kusa, saboda haka kullum da sassafe a gindin ceɗiyar da ke gefen rijiyar ake taruwa. Kaka ya karanta Littafi, a yi waƙa, a yi addu'a, sa'an nan guga ya fara sauka. A ƙuruciyata na ɗauka addu'a da jan ruwa aiki ɗaya ne.

Da Kaka ya rasu sai rigima ta tashi a kan wata 'yar fadama da kuma wanda zai riƙe zaure. Ban taɓa sanin gaskiyar maganar ba, ina kuma zargin su kansu bayan 'yan watanni sun manta inda ta faro. Abin da na sani shi ne duka biyun taurin kai gare su, gadon da ni ma na samu rabona. Bayan an yi danga, kowane gida ya riƙa jefa gugansa ta nasa gefen, igiyoyi suka riƙa sarƙewa a ƙasa, Inna ta ja, matar Baffa ta ja, har wata safiya guga biyu suka tsinke tare. Baba ya rantse babu ɗan gidansa da zai sake shan ruwan nan, Baffa ma ya ce haka. Rijiyar da ba a ɗiba kuwa sai ta zama wurin da ya fi kusa da mai shara. Ba a san wanda ya fara ba, amma kafin shekara ta zagayo toka, ɓawon gyaɗa, tsummoki da fasassun tukwane sun binne ruwan. Taron safe ya mutu tun kafin haka. Sauran masu bi sun rasa ta wace ƙofa za su shigo ba su ɓata wa wani rai ba, sai kowa ya zauna a gidansa.

Mu yara mu muka biya kuɗin wannan fushi da wuyanmu. Kullum kafin makaranta sai mun sauka rafin Kubanni da tulu da gammo, da rani kuma mu tona yashi mu jira ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo. Mu isa makarantar mishan a makare, riga jiƙe, malam ya ba mu namu kason na bulala. An hana ni kula Rifkatu, 'yar Baffa, wadda tare aka yaye mu, tare muke carafke da dakan wasa a bayan rumbu. Mu kuwa muka iya munafuncin da ya dace da shekarunmu: a ƙofar gida mu ɗauke kai kamar ba mu san juna ba, da mun wuce gidan ƙarshe mu haɗe, mu yi ta surutu har rafi. Iya ita kaɗai ce ba ta san da danga ba. Ɗakinta a ɓangarenmu ya faɗa, amma kullum sai ta ɗauki sandarta ta fita ta zaure, ta zagaya ta sabuwar ƙofar Baffa, ta sha kunu a can, ta dawo ta ci tuwo a nan. Kowace safiya kuma tana zama ita kaɗai a gindin ceɗiya ta yi waƙar da aka saba, da muryarta mai rawa. Ina jin kunyar muryar nan a lokacin, yanzu kuwa kewarta nake yi.

A bazara ta biyu Rifkatu ta gaya mini a hanyar rafi cewa babanta ya gaji, da zarar ruwa ya sauka zai sayar da ɓangarensa su koma Kaduna. Na yi kuka har tulu ya kusa kuɓuce mini, na zo na fesa wa Iya. Washegari da sassafe ta tashe ni, na ga ta aro ƙugiyar ciro guga daga maƙwabta, ga tsohon bokiti da ta ɗaura wa dutse, ga doguwar gora. Ta leƙa ta ramin danga ta ƙwala wa Rifkatu kira da sunanta, a gaban kowa. "Ke Ladi ja ta nan, ke Rifkatu ja ta can," in ji ta. "Wanda ya ce ku bari, ku ce ya zo ya faɗa wa wadda ta haife shi." Babu wanda ya zo.

Haka muka shiga aikin da kowa a unguwar ya ɗauka rikicin tsufa ne. Kafin makaranta da bayan la'asar muna kan rijiya, Iya na caccaka shara da gora, mu muna jan abin da ƙugiya ta kamo. Hannuwanmu suka yi kanta, wari kuwa har cikin tuwo muke jin sa. Duk abin da ya fito, Iya ba ta yarda a kai juji ba, sai a tara shi a gindin danga inda mazan biyu za su gani in sun fito. A bakin aikin nan ne ta ba mu labarin Ishaku, yadda abokan gaba suka cika rijiyoyin ubansa Ibrahim da ƙasa, shi kuma bai ce sun mutu ba, ya koma ya tone su ɗaya bayan ɗaya, ya kira su da sunayen da ubansa ya sa musu. Ta ce zuciyar mai bi ma haka take, ruwan da Almasihu ya zuba a ciki ba ya gudu, binne shi ake yi, yau da 'yar gaba, gobe da 'yar baƙar magana. Ni da bakina ba ya shiru na tambaye ta su wane ne abokan gaban da suka cika tamu. Ta sa gora ta juya tarin sharar, ta nuna mini kaskon Inna da ya fashe, ta nuna wa Rifkatu tsohon faifan uwarta. "Ga su nan," ta ce. "Ɗaya na cin tuwo a hagu, ɗaya a dama." Muka yi dariya har Rifkatu ta saki igiya.

Amma ƙugiya tana da iyakarta. Muka kai inda shara ta zama laka mai tauri, bokiti ya sauka ya dawo wayam. Dole sai mutum ya shiga da magirbi, matakan da Kaka ya sassaƙa a jikin rijiyar kuwa duk sun zaizaye. Hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma-yamma, matar Baffa ta fara ɗaure kaya. Iya ta jira kwanaki ko wani zai motsa. Baba kafinta ne, ya dawo daga aiki ya wuce tarin sharar kamar bai gani ba. Baffa kuwa ya duƙufa a kan keken ɗinkinsa. Ran nan da hantsi, duk suna gida, sai Iya ta ɗauko igiyar rama mai kauri ta ɗaura a ƙugunta, ta soke magirbi a bayan zaninta, ta miƙa mana bakin igiyar ni da Rifkatu, ta zauna a bakin rijiya ta zura ƙafafu ciki. Tsohuwar da ba ta iya tashi sai da sanda! Har yau ban san ko da gaske za ta sauka ba, amma na san Iya, kuma na ƙwala ihu iya ƙarfina.

Baba ya fito a guje ya sungume ta, yana faɗa, yana kwance igiyar. Cikin fushin nan ya ɗaura ta a nasa ƙugun, ya ce in rijiya ake so a yashe, shi zai yashe ta kowa ya huta. Sai da ya zo bakin ramin ya waiwaya, ya ga abin da ya manta. Mai shiga rijiya ba ya riƙe wa kansa igiya. Inna ba za ta iya nauyinsa ba, mu balle. Yana tsaye haka sai muka ji karan danga na ɓarkewa, Baffa ya ratso ta ciki, kara duk a gashinsa. Bai kalli Baba ba. Ya ɗauko fitilar acibalbal ya kunna, ya ɗora a ƙwarya, ya zura ta da siririyar igiya har ƙasa, ya tsaya yana kallo ko iskar ciki za ta kashe wutar. Wuta ta ci gaba da ci. Sa'an nan ya naɗa igiyar Baba a hannunsa, ya kafa ƙafa a jikin azara, ya ce, "Sauka, Yaya." Baba ya daɗe yana kallon hannun nan. Mutumin da ka yi kusan shekara biyu ba ka amsa gaisuwarsa ba, yau ranka na hannunsa. Ya juya, ya sauka.

Hirarsu ta farko ba ta wuce "ja" da "saki" ba, amma ni a kunnena ta fi kowace waƙa daɗi. Baƙar laka ta riƙa fitowa bokiti bayan bokiti, Inna da matar Baffa suna karɓa suna zubarwa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Maƙwabta suka ji labari suka shigo, wani da igiya, wani da ƙarin hannu. Da rana ta karkata sai muka ji muryar Baba daga ƙasa, ta canza kamar ta yaro: "Yohanna! Idon ruwan ya buɗe, ga shi yana taɓa mini ƙafa!" Baffa ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga cikin ramin, bai saki igiyar ya share ba. Da aka jawo Baba, laka har gira, ya zube a gindin ceɗiya ya buɗe baki zai yi addu'a, maganar ta ƙi fita. Iya ce ta ɗauki waƙar safe, a tsakiyar la'asar, muka bi ta.

Na ɗauko ƙoƙo zan sha ruwan farko, Iya ta buge mini hannu. Ta ce sabon ruwa da dauɗa yake zuwa, sai an yi ta ɗiba ana zubarwa kafin ya washe. Haka kuwa aka yi da ruwan, haka aka yi da mutanen. Ba a ranar suka koma kamar da ba, maganar fadama ma ta sake tashi sau da yawa. Amma Baffa bai tafi Kaduna ba, dangar ta ƙare a murhu, masu bi suka dawo gindin ceɗiya gida bayan gida, Baba da Baffa suna karɓa-karɓar karatu. Iya ta ga damina biyu bayan haka, 'ya'yanta biyu kuma suka ɗauki makararta tare.

Yanzu in na bi ta unguwar, da ƙyar nake gane wurin saboda shaguna da hayaniyar keke da acaɓa. An rufe rijiyar da siminti, kowane gida da famfonsa ko mai garuwarsa, mutum na iya shekara bai nemi komai a hannun ɗan'uwansa ba. Majami'u sun yi yawa, ana taron farkawa da lasifika, ni ma ina zuwa in jikokina sun kai ni, ina kuma jin daɗinsa. Sai dai nakan ga mutum ya fito gaba yana kuka yana neman sabon ruwa daga sama, alhali ga wanda ba ya gaisawa da shi can a kujerar baya. Nakan so in kama hannunsa in kai shi wurin. Na tsufa, na ga abubuwa da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ya yashe rijiyarsa shi kaɗai ba.