Ban Aike Ka Gidan Su Ramla Ba, Malam Gwadabe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2000, Allah ya karɓi ran Malam Gwadabe Sammani na Ƙofar Guga, ma'aikacin jinya, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya.

Malam, kai ka tarbe ni a asibiti bara, wata biyu bayan sojoji sun miƙa mulki, na dawo daga karatu ina ji da kaina. Ka koya mini in gaida uwa sosai kafin in dubi ɗanta. Aljihunka ba ya rabuwa da aya saboda yara, har ni ka sha miƙo wa.

Bincike muke yi kan yara masu fargaba da ciwon damuwa. Mukan zauna hira da su duk mako, sannan mu auna ko sun sami sauƙi. Ni na zaɓi ma'aunin, takardar tambayoyi ashirin da iyaye ke amsawa: yana kuka, yana rigima, yana hana ku barci? Ka karanta, ka ce a ƙara ɗaya: yaron ya koma ƙiriniya? Ka ce iyayen garin nan in yaro ya yi shiru murna suke yi, su ce ya natsu, alhali ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Na yi dariya a gaban ma'aikata, na ce kimiyya ba ta auna ƙiriniya. Kai, bakina! Ka sunkuyar da kai, ka ce, "To, Likita."

Sai ga Ramla, 'yar shekara tara daga Ƙofar Durbi. Bayan wata uku takarda ta ce ta warke, ba kuka, ba rigima. Ka ce yarinyar nan ko ido ba ta ɗagawa. Na sallame ta, na sa ta cikin nasarorinmu. Da ka sake magana, na sa aka mayar da kai wani sashe.

Ranar sadakar ukun rasuwarka, mahaifiyar Ramla ta same ni cikin mata, ta riƙe hannuna. Ta ce bayan sallamar ɗiyarta ta daina ci, ta daina zuwa makaranta. Ta ce duk Juma'a kana zuwa a keke, ka zauna da yarinyar a zaure, har ta koma aji. "Likita, Allah shi saka miki da alheri. Ya ce ke kika aiko shi."

Na ce mata, "Ba komai, Hajiya." Wallahi haka na ce, a cikin gidanka, 'ya'yanka suna ji. Kunyar kalmar nan ba ta sake ni ba har yau.

Hajiya, ban aike shi ba. Ko sau ɗaya ban tambayi lafiyar ɗiyarki ba. Malam ne ya rufa mini asiri, bayan abin da na yi masa.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Lailatu, matar Malam, ke da yara, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku yafe mini, don wanda ya kamata in roƙa, na makara.

Dakta Rashida Mamman, Katsina