Siririn Rubutu a Kan Kwalbar Guba

Har yanzu warin maganin feshi bai bar yatsuna ba, duk da na dirje su da toka da sabulu. Warin nan tun ina yarinya na san shi, a gidan kakana a Tsiga, lokacin da auduga ke fure, maza na dawowa daga gona da tankin feshi a baya.

Kakana shi ke yi wa motocin ɗaukar auduga rubutu a Funtuwa. Da damina ta sauka, sai ya tara duk jarkokin maganin gidanmu, ya tauna bakin asawaki, ya tsoma a jan fenti, ya rubuta GUBA, kowane harafi kamar taɓarya. Kakata ba ta yi boko ba, amma ta san wannan jan zane, mu yara ma mun san shi. Na taɓa ce masa rubutunsa ba kyau, na malamarmu ya fi. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ba ado nake yi ba, 'yar nan. Tsawa nake yi."

Ya rasu, asawakinsa ya bi shara. Yanzu kuwa kun san abin da ake yayi, wani siririn rubutun kwamfuta mai lanƙwasa, wai shi ala dole da hannu aka yi shi. Rubutu kamar sauro ya faɗa tawada ya ja ƙafa. A katin biki yake, a kwalbar turare, a kwalbar zumar tari da ake saya wa kakata. To, can su ƙarata. Amma har wani mai shago a Bakori ya riƙa ɗura maganin feshi a ƙananan kwalabe yana manna masa wannan yauƙin!

Shekaranjiya kawuna ya sayo ɗaya, ya manta ta a tagar kakata. Na shiga na same ta da kwalbar da cokali.

"Zo ki zuba mini zumata, hannuna rawa yake."

Wallahi na zuba. Ni da na gama sakandare ban tsaya karanta shi ba, don ba a yi shi don a karanta ba. Cokalin ya kusa leɓenta warin ya buge ni, na make shi. Na fice da kwalbar daga ɗakin.

Na je wa mai shagon da kwalbarsa. Ya juya ta yana murmushi. "Hajiya, ai wannan ya fi aji." Aji! A kan abin da ke kashe tsutsa a gona.

Jiya na sayo jan fenti, na tauna asawaki, na bi duk wata kwalba da jarkar maganin feshi a gidan ina rubuta GUBA. Rubutuna ya fito a karkace, mummuna, fenti na zuba. Kakata ta ɗaga kwalbar da kawuna ya sayo kusa da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ture ta nesa da tabarmarta.

"Yauwa," ta ce. "Wannan na san shi."