Malam Inuwa, Wanda Ya Daidaita Mini Bes

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, ina fitowa daga sallar azahar a Daurawa aka tare ni da labarin rasuwar Malam Inuwa mai gyaran jita na Gyadi-Gyadi, bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An yi masa sutura bayan la'asar.

Malam, mutanen unguwa sun san ka da gyaran rediyo. Mu makaɗa kuwa mun san cewa in tsohuwar bes ta yi ciwo, wato jitar nan mai kauraran tsirkiyoyi huɗu da ke riƙe ƙasan kiɗa, shagonka ake kai ta. Ka kaɗa ta da ƙuruciyarka, da girma ya zo ka koma jinyarta.

Tawa gadon kawuna Haruna ce, ta girme ni. Tana da aibi guda: kanta ya fi gindinta nauyi, da ka sake ta sai ta sunkuya. Ban taɓa damuwa ba, hannun hagu yana tallafe ta yana kuma danna tsirkiya. Sai da mota ta bugi adaidaita sahun da nake ciki a Unguwa Uku, kafaɗata ta hagu ta karye. Ƙashi ya haɗu, amma ko waƙa ɗaya ba na iya kaiwa ƙarshe, hannu ya ɗauki rawa. Ba ni da wata sana'a, ga iyali. Na kawo maka ita na ce ka nemo mata wanda zai iya da ita.

Ba ka karɓa ba. Ka ce, "Rataya ta in gani. To, sake ta." Na sake, kan ya yi ƙasa. Ka ce, "Sha'aibu, ba kafaɗarka kaɗai ke da laifi ba. Wannan tun asali karkatacciya ce, lafiya ce ta ɓoye maka."

Ka kwance manyan makullan nan huɗu na ƙarfe da ake ɗaure tsirkiya da su, ka sa marasa nauyi da ka ciro daga wata jita da ta karye, ba tare da ka huda sabon rami ko ɗaya ba. Ka ƙera ɗan ƙarfe ka matsar da maƙalin maratayi gaba. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa a gindi ka jiƙa shi a kananzir har tsatsa ta saki. Sannan ka kira 'yarka Sadiya, mai karatun jinya, ta nuna maka daidai inda karayar take, ka sa baduku ya ɗinka maratayi mai faɗi, cushe da auduga, wanda zai kauce wa wurin. Tsofaffin makullan ka naɗe su a tsumma ka miƙo mini, kana cewa, "Adana su. Ba a zubar wa tsohuwa da haƙoranta."

Da na rataya ta na sauke hannuwana, sai ta tsaya cak a inda na bar ta. Kai kuwa ka juya kana neman sukudireba, kamar ba ka ga idona ba. A wani biki a Babban Giji na fara komawa aiki, na yi kiɗa har aka tashi. Da ita na ci gaba da ciyar da gidana har yau, kuma ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba, domin duk na fara sai ka ce in gode wa Allah in ba ka wuri.

Kana da taurin kai, kowa ya sani. Wanda ya zo a sake wa tsohuwar jita fenti, faɗa yake sha. Ka ce inda fenti ya goge, gumin wani ne. Da an kira salla kuma kakan ajiye dalma ko da ta narke.

A zaman makoki na ga makaɗan coci daga Sabon Gari zaune a tabarma ɗaya da limamin unguwarku. Wani dattijo cikinsu ya ce mini tun yana saurayi kai kake duba masa bes.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Husaina, da Sadiya, da ƙanenta Haisam, da dukkan makaɗan Tarauni. Sadiya, akwai jitoci rataye a shagon, na san masu su. In kun shirya buɗewa ku kira ni, mu mayar wa kowa amanarsa, kada ta bi Malam.

Allah Ya jiƙan ka, Malam Inuwa, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.