Rigar Yaba Tana Cikin Gilashi

Idan ana lissafin masu ilimi a Zangon Wagadugu, ni ne na ɗaya, na biyun kuwa har yanzu ba a haife shi ba. Haka nake faɗa a majalisa, jama'a su yi dariya, ni kuwa har cikin zuciyata da gaske nake. A lokacin da abin nan ya faru ƙaramin malami ne ni a jami'a, ina koyar da nazarin zamantakewa, ɓangaren fasaha da al'adu, wato mu ne masu binciken dalilin da ya sa mutane ke ƙawata abin da suke ƙawatawa. Ina da jakar fata, da ɗan babur mobilet mai hayaƙin da zai kori sauron unguwar Tangin gaba ɗaya, da bakin da ba ya rufuwa. Abu ɗaya ya hana ni barci: ƙarin girma. Shekara shida dosiyena, wato takardun neman ƙarin girman, yana zuwa yana dawowa, wai ba ni da aikin da aka sani a ƙasashen waje. Na rubuto muku ne in sauke abin da na aikata don a san ni a wajen.

Gidanmu gidan fataken goro ne, kuma muna da wata riga da muke kira rigar Yaba, yadda Mosawa ke kiran kaka. Saƙi ce mai aska takwas, aikin tsamiya, kakan mahaifinmu ya zo da ita. Duk namijin gidan da zai yi auren fari, ita yake sakawa ranar ɗaurin aure. Bayan an watse, babbar mace a gidan ta ɗauki allura ta yi ƙulli ɗaya da jan zare a cikin aljihun, a turara rigar, a mayar da ita adudu. Ba a rubuta sunan kowa, amma Gwaggo, yayar mahaifina, tana iya zura hannu ta shafa ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya ta gaya maka na wane ne, da matar da ya aura, da abin kunyar da ya yi ranar bikin. Nawa shi ne na talatin da ɗaya. Adudun kuwa yana hannun Baffa, ƙanen mahaifina.

Shekarar da aka fara rusau a wajen unguwar Kuluba, har ya taɓo Zangonmu, kowa yana ɗaure kaya, wata Baturiya mai shirya baje kolin tufafin gargajiya ta zo jami'armu. Na ba ta labarin ƙulle-ƙullen, na ga idonta ya kawo wuta. Washegari na tsuguna gaban Baffa na ce aron wata uku nake so, kuma ai gara rigar ta yi nesa da katafila. Ya ce shi bai san abin da Nasara zai yi da tsohuwar riga ba, amma tunda ɗan yayansa ne ya roƙa, in ɗauka, in dawo da ita kafin babbar Sallah. Ranar cike takardu Baturiyar ta gaya mini gaskiya, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce gidan tarihinsu ba ya karɓar aro daga dangi mai baki da yawa, sai mutum ɗaya ya sa hannu cewa kayansa ne kuma ya bayar kyauta har abada. Na karanta, na gane, Faransancina ba na kasuwa ba ne. Na sa hannu.

Abin da ya biyo baya kamar mafarki. Jirgi, otal, lacca, tafi har tafin hannun Turawa ya yi ja. Aka buga ƙaton littafi da hoton rigar a bango, sunana a ƙasa. Dosiyen da ya shekara shida yana rarrafe ya tashi da gudu. Aka fara kirana Farfesa tun kafin in kai. Baffa ya koma unguwar Wemtenga tare da Gwaggo, duk Sallah in na je gaisuwa sai ya tambaye ni labarin amanarsa. In ce ana gyaran ɗakin, in ce jirgi ya yi tsada, in ce sanyi ya hana su buɗe ƙofa. Na yi uzuri har uzuri ya ƙare a Wagadugu, na fara sarowa daga Kumasi. 'Ya'yan Baffa biyu suka yi aure da shadda, ba ƙulli, Gwaggo ta yi kuka a ɗaki, ni ina tsakar gida ina ba mutane dariya.

Bara ɗana na fari ya kawo maganar aure. Ya same ni da irin Hausarsu mai rabin Faransanci ya ce shi ba ya son mota, ba ya son komai, rigar da ya ga hotonta a littafina yake so ya saka, kamar yadda na saka. Na rubuta wa gidan tarihin wasiƙa uku. Amsa ta zo cikin ladabi mai sanyi: rigar ta zama dukiyar al'ummarsu, doka ba ta bari ta fita, amma duk ranar da na zo zan shiga kyauta. To, sai na ƙara wauta a kan wauta. Na sami wani gwanin ɗinki ɗan Nijar, na ba shi hoton, ya ɗinka wata sak, muka jiƙa ta da ruwan goro, muka shanya a rana, na turara ta har maƙwabta suka zaci an yi haihuwa. Na kai Wemtenga ina kirari. Gwaggo, idonta ya riga ya tafi, ta ce a miƙo mata. Ba ta shafa aska ba, ba ta shinshina ba, aljihu kawai ta zura wa hannu. Ta lalube, ta sake lalubawa, sannan ta tambaye ni a hankali ina na kai mata mazan gidan ubanta. Ni da na rubuta shafi arba'in a kan ƙullin nan, shi na manta.

Ku da kuke karatu a kan al'adun gidajenku, ku ji ni. Abin da dattijo ya miƙo maka don kai nasa ne, ba naka ba ne, ko da sunanka aka buga a ƙasansa. Ka ɗauki hoto, ka rubuta, ka mayar da adudu inda ka same shi. Na sami kujerar da nake nema, amma yanzu in na shiga majalisar dangi hira takan ɗauke kamar wutar lantarki, kuma ɗana ya yi aurensa da shadda.

Ana gobe ɗaurin auren na koma wurin Baffa na faɗi komai, har da sa hannun. Don halina ba ya barina, sai na ciro ƙaton littafin na buɗe masa, na ce ai ko ba komai duniya ta san gidanmu, rigar tana cikin gilashi, ko asu ba ya taɓa ta. Ya sa tabarau ya duba hoton da kyau, ya yaba aikin mai ɗauka, ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, “Madalla, Farfesa. Gobe sai ka saka wa ango wannan.”